Kafintan Da Ba Ya Tashin Mai Barci

Haihuwarsa da asalinsa

An haifi marigayi kafintan ƙofofi, wanda jama'a suka fi sani da laƙabin Ƙafar Kyanwa, a shekarar 1939, a nan garin, a layin ƙarshe na gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa, cikin ɗakin da tagarsa ke kallon tankin ruwan tasha. Mahaifinsa mai zuba gawayi ne a injin jirgi, mahaifiyarsa kuwa a lokacin matar gida ce, kuma shi ne ɗansu na fari. Bayansa sai mace ɗaya, wadda zuri'ar gidan ke kira Gwaggo, kuma daga bakinta aka samo mafi yawan abin da aka sani game da ƙuruciyarsa.

Marigayin bai riƙe muƙami ba, bai kuma tara dukiya ba. Abin da ya sa aka ga dacewar rubuta tarihinsa shi ne wata ɗabi'a guda da ya rayu a kanta, wadda duk wanda ya yi mu'amala da shi ya shaida: tun daga ƙuruciya har zuwa wafatinsa, ba ya tashin mai barci, ba ya kuma yarda a tashe shi a gabansa. Wannan aƙida ita ce ta raba shi da aikinsa na farko, ita ce ta ba shi sana'ar da ya yi suna a kanta, ita ce kuma ta shiga tsakaninsa da babban ɗansa har kusan shekara talatin.

Ƙuruciyarsa

A shekarar 1946 mahaifinsa ya rasu sakamakon ciwon ƙirji, kuma bisa ƙa'idar gidajen ma'aikata, dole iyalin suka tashi. Suka kama ɗaki ɗaya a bayan wani gidan burodi, inda mahaifiyar ta sami aikin kwaɓa fulawa. Aikin kwana ne, don haka barcinta ya koma rana, daga hantsi zuwa azahar, daidai lokacin da duniya ta fi surutu.

An yi ta bincike a kan asalin ɗabi'ar marigayin, kuma riwaya ɗaya tak aka samu, ita ce ta Gwaggo. Ta ce wata rana a shekarar 1948 malamin aji ya yaba rubutunsa, ya yi masa maki da alli a gefen allo, shi kuwa ya ruga gida don kada makin ya goge, ya faɗa ɗaki ya girgiza uwar. Ta buɗe ido da murmushi a fuskarta, sai murmushin ya dushe a hankali, ta ce, "Kai, da babanku nake magana fa. Yanzun nan ya buɗe baki zai gaya mini wani abu." Ba ta doke shi ba, ba ta yi masa faɗa ba. Ta karɓi allon ta duba, ta ce madalla, ta koma ta kwanta, amma barcin bai dawo ba, kuma har ta bar duniya tana cewa ba ta sake mafarkin mijinta ba.

Ya kamata a faɗa cewa shi marigayin bai taɓa ba da wannan labari da bakinsa ba, kuma Gwaggo ba ta wuce shekara biyar ba a lokacin, ga ta da son ƙara wa labari gishiri. Amma abin da ba a yi saɓani a kansa ba shi ne, daga wannan shekara ce aka fara ganinsa zaune a kan kujerar tsuguno a bakin ƙofar ɗakin, yana korar kaji da awaki da masu talla. Ya naɗe mariƙin bokiti da tsumma don kada ya yi ƙara, ya koyi tafiya a gefen tafin ƙafa, har maƙwabta suka riƙa firgita idan sun waiwaya suka gan shi a bayansu. Su ne suka laƙaba masa Ƙafar Kyanwa, sunan ya bi shi har kabari.

Karatunsa

Ya shiga makarantar firamare a shekarar 1947, kuma malamansa sun shaide shi da natsuwa da tsabta. Saboda haka a shekarar 1952 aka naɗa shi monitan aji, aka damƙa masa tsumagiya, aka umarce shi da ya riƙa zaburar da duk wanda ya yi gyangyaɗi a darasin rana. Muƙamin bai daɗe a hannunsa ba. Malamin lissafi ya shigo wata rana ya tarar da ɗalibi ya kifa kai a tebur yana minshari, monita kuwa yana tsaye a jikin taga yana tare masa rana da bayansa.

Da malamin ya tambaye shi dalilin da ya sa bai tashe shi ba, sai ya ce, "Malam, ai ban san inda yake ba yanzu." Malamin ya ce ga shi nan a gabanka, inda kuma zai kasance? Marigayin ya ci na jaki da tsumagiyar da aka ba shi, aka kuma tuɓe shi. Ya kammala makarantar a shekarar 1955 da sakamako matsakaici, in ban da darasin aikin katako, inda babu wanda ya kama ƙafarsa.

Aikinsa a jirgin ƙasa

A shekarar 1958, albarkacin sunan mahaifinsa, aka ɗauke shi aikin duba tikiti a jirgin fasinja. Ko wane ne ya yanke wannan shawara, a fili yake cewa bai tambayi maƙwabta ba, domin babu wurin da barci ya fi sace mutane kamar tarago. Tsarin marigayin shi ne ya duba tikitin waɗanda ke farke, ya tsallake masu barci, ya riƙa dawowa yana leƙa su har su farka don kansu. Idan tashar mutum ta matso, sai ya buɗe tagar da ke kusa da shi don iska ta taɓa shi, in ya farka to, in bai farka ba jirgi ya wuce da shi. An san wani ɗan kasuwa da ya wuce tasharsa ta wannan hanya, ya farka a ƙarshen layi, ya zazzage masa zagi, sannan ya yarda cewa rabonsa da barci mai daɗi irin wannan tun yana saurayi.

Ba a daɗe ba labari ya bazu tsakanin masu shiga jirgi ba tikiti. Da an hango hularsa a bakin tarago, sai ka ga ƙarti sun zube, kowa ya saki baki, minshari ya tashi ta ko'ina. A shekarar 1963 wani sufeto ya shiga jirgin ba sanarwa, ya iske tarago guda cur yana barci da hantsi tsaka, wasu ma da ido ɗaya a buɗe. Ya kira marigayin ya tambaye shi ko makaho ne. Marigayin ya ce, "Yallaɓai, na san rabinsu ƙarya suke yi. Wane rabin ne dai ban sani ba, kuma ina tsoron in taɓa na gaskiya." A ƙarshen wannan wata aka sallame shi, kuma shi da kansa ya ce hukumar ba ta zalunce shi ba.

Komawarsa sana'ar kafinta

Bayan sallamarsa ya koma wurin kawunsa, wanda kafinta ne, ya ƙara gogewa, sannan a shekarar 1965 ya buɗe shagonsa a jerin shagunan bakin titi, tsakanin wani tela da kantin magani. A nan ne ɗabi'ar da ta kore shi daga aiki ta zame masa abinci, domin ya duƙufa a kan abu guda, wato ƙofar da za ta buɗe ta rufe ba a ji ta ba.

Ba ya son ƙusa, saboda ƙusa sai da guduma. Ya fi son noti da gam. Yakan yanka robar tsohon tayar keke siriri ya manna a bakin ƙyaure, ya jiƙa hinji, wato ƙarfen da ƙyauren ke juyawa a kansa, cikin man keke kafin ya ɗaura. Daga azahar zuwa la'asar ba a jin zarto ko guduma a shagonsa, sai aikin shafa da gogewa. Idan ya kafa ƙofa a gida, ba ya cewa ya gama sai an kawo jariri mai barci an kwantar kusa, ya buɗe ya rufe, jaririn bai motsa ba. In gidan ba jariri, sai a aro na maƙwabta.

A aljihun rigarsa kullum akwai ƙaramin gwangwanin mai, kuma duk gidan da ya shiga, ko gaisuwa ya je, idan ƙofa ta yi kuka sai ya ɗiga mata kafin ya zauna. A shekarar 1972 aka ba shi aikin ƙofofin ɗakin yara na asibitin garin, aikin da ya fi alfahari da shi. Magidanta masu dawowa gida a makare su ma sun kasance cikin amintattun abokan cinikinsa, ko da yake bai taɓa tambayarsu dalili ba. Sau ɗaya wani ya zo da ƙorafin cewa ɓarawo ya shiga gidansa bai ji ba saboda shirun ƙofar, marigayin ya jajanta masa, ya tambaye shi ko aƙalla ya sami barci, sannan ya saka masa sakata.

Aurensa

A shekarar 1966 ya auri 'yar telan da ke maƙwabtaka da shagonsa, wadda ita ma tela ce, kuma duk layin ba a yi mai ƙarfin murya kamarta ba, har ana kiranta Lasifika. Idan tana ciniki a shagon ubanta, mai kantin magani yakan san farashin ɗinkin ba tare da ya tashi daga kujerarsa ba. Jama'a sun daɗe suna mamakin wannan haɗi, kuma an tambaye ta yadda aka yi.

Ta ce wata rana barci ya sace ta a kan keken ɗinki, rana ta shigo ta ƙofa tana dukan fuskarta, da ta farka sai ta ga kafinta tsaye riƙe da faifan katako yana yi mata inuwa, gumi na zuba, masu jiransa a shago sun gaji sun tafi. "Ni na fara cewa ina sonsa," in ji ta, "don in da shi za a jira, wallahi har yau muna nan yana riƙe da katako."

Suka yi yarjejeniya tun farkon zama. Daga safe zuwa azahar muryarta tata ce, ta yi yadda ta ga dama, haka ma daga la'asar zuwa abin da ya sawwaƙa. Amma tsakanin azahar da la'asar gidan hurumi ne, lokacin ƙailula, ba daka, ba kira daga nesa, ba rediyo. Ya ɗora ƙafafun kekenta a kan roba, ita kuwa ta koyi raɗa, ko da yake maƙwabta sun ce raɗar tata ma ana jinta ta katanga.

'Ya'yansa da tsarin gidansa

Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu: babban ɗa a 1967, mace a 1970, namiji a 1973, sai Auta a 1979. Sun tashi a gidan da agogon bango ba ya bugawa, domin uban ya cire masa ƙararrawa tun ranar da aka sayo shi. Idan wani yana barci, akan rataya tawul a mariƙin ƙofar ɗakin, kuma ko baƙo ya ga tawul ɗin ya san zai jira. Marigayin yakan ce wa 'ya'yansa mai barci ya ajiye duk abin da yake kare kansa da shi, ya ba da amanar kansa ga Allah da kuma wanda ke kusa da shi, don haka wanda ke farke shi ne mai gadi.

Tambayar da kowa ke yi ita ce, to sallar asuba fa, da zuwa makaranta? Marigayin yana da hanyarsa, wadda yake kira gayyata. Yakan zuge labule, ya buɗe taga, ya dafa shayi ya ajiye kusa da kan mai barci don ƙamshi ya kai masa, ya ɗan yi shara a tsakar gida. "Ni ba na tashin mutum," in ji shi, "gayyatarsa nake yi, in ya gama abin da yake yi ya dawo." Limamin unguwa ya taɓa zaunar da shi ya yi masa nasiha a kan hakkin iyali, ya saurara da ladabi, ya ce ai ladan yana kira, kuma shi bai fi ladan murya ba.

Duk da haka 'ya'yan ba su taɓa makara ba, kuma marigayin yana ɗaukar wannan hujja ce a kan ingancin gayyata. Haƙiƙanin al'amarin kuwa shi ne, da zarar ya sa ƙafa waje ya nufi masallaci, sai uwar ta faɗa ɗakin, ta yaye mayafi, ta saki muryar da ta yi suna da ita, kafin ya dawo kowa ya miƙe. Ko ya san da haka ko bai sani ba, Allah masani. Ita dai ta ce bai taɓa tambaya ba, ita kuma ba ta taɓa ganin amfanin faɗa ba.

Abin da ya faru a shekarar 1986

Babban ɗan ya tashi da ƙwaƙwalwa, kuma tun yana ƙarami burinsa tuƙin jirgin sama. A shekarar 1986, yana ɗan shekara goma sha tara, aka gayyace shi jarrabawar ƙarshe ta shiga makarantar horar da matuƙa, a wani gari mai nisa, kuma wannan ce shekararsa ta ƙarshe bisa ƙa'idar shekaru. Jirgin ƙasa ɗaya ne ke kaiwa can a kan lokaci, yana tashi da sassafe. Sai aka yi rashin sa'a uwar ba ta gida, tana asibiti tana jinyar Auta, kuma sauran ƙannen biyu suna makarantar kwana.

Saurayin ya kwana biyu yana karatu ba barcin kirki, ga ɗan zazzaɓi. Kafin ya kwanta ya je ya durƙusa gaban uban ya ce, "Baba, don Allah gobe ka tashe ni. Ba gayyata ba, tashi." Uban ya ce, "To."

Da gari ya fara wayewa marigayin ya zuge labule, ya buɗe taga, ya kawo shayi, saurayin bai motsa ba. Ya yi gyaran murya, ya ja kujera, ya yi shara har bakin gado. Daga nan ya tsaya a kansa, ya ɗaga hannu. Abin da ya faɗa wa matarsa daga baya shi ne, "Na ɗaga hannun, ya ƙi sauka." Yana nan tsaye har ya ji kukan jirgi daga tasha, kukan da ya fi kowa sanin ma'anarsa. Kukan jirgin ne ma ya tashi saurayin.

Yaron ya fita a guje ba takalmi, ya tarar da tasha wayam. Ya nemi mota, bai isa ba sai da aka rufe ƙofar ɗakin jarrabawa. Da ya dawo washegari, ya tsaya a bakin shagon, a gaban tela da mai kantin magani, ya ce, "Baba, ka tsare mini barci ka kashe mini rayuwa." Uwar kuwa, da ta ji labari, ta manta da yarjejeniyar ƙailula, ta yi faɗan da har yau tsofaffin layin ke tunawa, ta kuma yi kuka tana cewa laifinta ne, ita ce ta bar shi yana zaton gayyatarsa na aiki.

Shekarun nesa

Cikin wannan shekara babban ɗan ya bar gida, ya koyi tuƙin babbar mota, ya zauna a wani gari, ya yi aure a 1993. Bai yanke zumunci ba. Yana zuwa duba uwarsa, yana durƙusawa ya gaishe da uban, amma daga ina wuni da lafiya lau ba ya ƙara kalma. Matarsa ta ce a gidansu agogo mai ƙararrawa har a ɗakin girki akwai, kuma yana tashin 'ya'yansa da bugun ƙofa kamar ana kama ɓarawo. Da ya gina gida, uban ya ƙera masa ƙofa mafi kyau da ya taɓa yi ya aika masa, shi kuwa ya kafa ta a ɗakin ajiyar tayoyi.

Wannan abu ya ci ran marigayin ƙwarai. Matarsa ta ce tun daga 1986 shi da ke gadin ƙailular kowa ya daina samun tasa, sai dai ya zauna a kujera yana kallon bango. An tambayi Gwaggo ko ya yi nadama, ta ce ta taɓa tambayarsa kai tsaye, ya ce, "Na cuci yaron nan, wannan ba musu. Amma ko yau aka mayar da ni ɗakin, ban san ko hannuna zai sauka ba. To da wane baki zan ce ya yafe mini?" Shi kuwa ɗan, abin da ya riƙa faɗa wa ƙanwarsa shi ne, shi ba jirgin sama ke damunsa ba yanzu, abin da yake son sani kawai shi ne ko a wurin Baba ya kai darajar barci.

Tsufansa da rashin lafiyarsa

A shekarar 2006 ido ya yi rauni, marigayin ya rufe shago, amma bai ajiye gwangwanin mai ba. Ya riƙa zagaya unguwa yana ɗiga wa ƙofofi da ƙyauren shaguna, yana roƙon masu janareto da masu wayar hannu su sassauta bayan azahar. Wasu suna yi masa kunnen uwar shegu, amma da yawa suna jin nauyinsa, har layinsu ya zama wurin da masu tura baro ke zuwa su miƙe a gindin katanga da rana.

A shekarar 2013 aka gano yana da ciwon zuciya, kuma 'yarsa ta biyu, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ita ta riƙe lamarin maganinsa. A farkon 2014 jiki ya ƙara yin rauni, sai ta kira wanta a waya ta ce, "Yaya, in kana da magana da Baba, ka zo ka yi ta." Ya ce zai biyo idan ya sauke kayan da ya ɗauko.

Da aka gaya wa marigayin, cewa ɗan na tafe, sai ya kira matarsa ya ce, "Idan yaron nan ya zo ina barci, ki tashe ni." Ta zaci kunnenta ne, ta ce, "Maigida, in yi me?" Ya ce, "Ki tashe ni. In ta kama ki girgiza ni, ki girgiza." Ta ce a duk zamansu ba ta taɓa jin kalmar daga bakinsa ba, kuma tsoro ne ya fara kama ta kafin tausayi, ta fita tsakar gida ta yi kukanta.

Rasuwarsa da jana'izarsa

A wata ranar Laraba cikin shekarar 2014, jim kaɗan bayan azahar, babban ɗan ya iso. Ya tarar da gidan tsit, tawul a rataye a ƙofar ɗakin uban. Uwar ta tarye shi ta ce ga shi yau barci ya ɗauke shi, abin da ya daɗe bai samu ba da rana, amma ya bar saƙo. Suka shiga tare. Marigayin yana kwance a gefensa na dama, hannu ɗaya ƙarƙashin kunci, numfashinsa na fita daidai. Uwar ta miƙa hannu za ta taɓa kafaɗarsa, sai ɗan ya riƙe mata wuyan hannu.

"Inna, me ya ce?"

"Ya ce in ka zo a tashe shi."

"Shi Baban? Da bakinsa?"

"Da bakinsa. Har cewa ya yi in girgiza shi."

Direban ya daɗe yana kallon uban. Sannan ya ce, "Bar shi, Inna. Ina nan, ba inda za ni."

Ya zauna a ƙasa ya jingina da ƙafar gadon, uwar ta fita ta ja ƙofa. Aka kira la'asar, marigayin bai motsa ba, ɗan kuma bai tashi ba. Ya ce ya ji numfashin yana ƙara laushi, sai ya ɗauka barcin ne ke ƙara nauyi, har ya ji daɗi. Da ma'aikaciyar jinyar ta dawo daga aiki ta leƙa, tun daga bakin ƙofa ta gane. Babu wanda ya iya faɗin lokacin da ran ya fita. Abin da aka tabbatar kawai shi ne, sa'ad da ɗan ya shigo, uban yana da rai, kuma da an taɓa shi da ya farka.

Ya rasu yana da shekara saba'in da biyar. An yi masa sutura a gidansa, aka sallace shi da yammacin ranar, aka binne shi a maƙabartar bayan tasha, kusa da kabarin mahaifiyarsa. Kafintoci da teloli da tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa da ma'aikatan asibiti sun halarta, kuma babban ɗansa da ƙaninsa ne suka shiga kabarin suka karɓe shi.

Ya rasu ya bar mata ɗaya, da ƙanwa ɗaya, da jikoki goma sha ɗaya, da 'ya'ya huɗu: babban ɗansa, direban babbar mota, ta biyu, ma'aikaciyar jinya a ɗakin yara na asibitin garin, na uku, malamin firamare, sai Auta, wadda ta gaji keken ɗinkin uwarta.

Bayan an share makoki, an tambayi babban ɗan ko yana da-na-sanin hana uwarsa tashin marigayin. Ya ce, "Mutane suna ta yi mini jaje wai ba mu gana ba. Ni abu ɗaya na zo ji, kuma na ji shi daga bakin Inna. Mutumin da ya rasa aikinsa don kada ya tashi baƙo ya ce a girgiza shi saboda ni, to me kuma zai ce da ya fi wannan?" Ya share fuska da hannun riga, sannan ya ce, "Ni ne dai ban samu na gaya masa na yafe ba."

Allah ya jiƙansa da rahama, ya sa kwanciyarsa hutu ce.